Yadda Ake Tafiya da Kare a Mota

Yara, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar hanyar da ta ratsa Birnin Ƙonni ya ga motoci iri-iri. Wasu sun fito daga Yamai za su Maraɗi. Wasu suna ratsewa a Tsarnawa su nufi Tawa. Wasu sun ɗauko simintin Malbaza, wasu albasar Galmi, wasu kuma raguna da awaki daga kasuwar Badagishiri. Wani lokaci za ku hangi kare tsaye a bayan a-kori-kura, ya leƙo da kansa, iska tana kaɗa kunnuwansa. Abin yana ba yara dariya. Amma wannan kare yana cikin haɗari, mutanen motar ma haka.

Su wa ke tafiya da kare?

Mafarauci yakan ɗauki karnukansa in dajin yana da nisa. Makiyayi yakan tafi da nasa in zai yi ƙaura. Mai karen gadi kuma yakan kai shi wurin likitan dabbobi don a yi masa allura. A ƙasarmu mutane da yawa ba sa son kare ya taɓa tufafin da suke salla da su. Shi ya sa aka fi ajiye shi a baya, inda babu rufi, babu mai riƙe shi.

Me ke faruwa in mota ta tsaya farat ɗaya?

Ku gwada wannan a filin makaranta. Ku ɗora ɗan dutse a kan allo. Ku riƙe allon da hannu biyu, ku ruga a guje, sa'an nan ku tsaya cak. Ina dutsen? Ya wuce gaba, ya faɗi ƙasa. Ku kun tsaya, allo ya tsaya, amma dutsen bai tsaya ba, don ba abin da ya riƙe shi.

Wani masani na ƙasar Ingila mai suna Isaac Newton ya bayyana wannan a shekarar 1687. Abin da ke cikin tafiya ba ya tsayawa sai in wani abu ya tare shi. To, haka yake a mota. Idan jaki ya faɗo hanya, direba ya taka birki da ƙarfi, motar za ta tsaya, amma karen zai ci gaba kamar dutsen nan.

Kada ku raina wannan ƙarfi. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ɗaya ta yi karo, abin da ba a ɗaure ba zai bugu kamar ya faɗo daga kan giginya mai tsawon mita 10. Karen Azawak, wannan siriri mai dogayen ƙafafu da makiyayan arewacin Tawa ke kiwo, nauyinsa yakan kai kilo 20. Ku yi tunani a jefi mutum a ƙeya da buhu mai kilo 20 daga wannan nisa!

Saboda haka ne aka yi wa mutane maɗauri a kujerun mota. Irin wanda muke gani yau, mai bi ta kafaɗa da ƙugu, wani injiniya mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a ƙasar Suwidin a shekarar 1959. Shi ma kare yana bukatar abin da zai riƙe shi. A Ingila har an rubuta haka a littafin dokokin hanya.

Akwai wani haɗarin kuma. Karen da aka bari sake yakan firgita, ya faɗa wa direba, ko ya shiga ƙarƙashin ƙafarsa ya hana shi taka birki. Wanda ke baya kuwa, in ya hangi zomo ko wani kare, sai ya yi tsalle ya dira a kan hanya.

Yaya za a ɗaure shi?

Abin da ya fi kyau shi ne akwatin katako mai ƙofofin shan iska. Ya zama kare yana iya tsayawa, ya juya, ya kwanta a ciki. Shi ma akwatin sai a ɗaure shi tamau a jikin motar.

In babu akwati, a yi masa ɗamara. A samo ƙyalle mai ƙwari ko igiya mai faɗi. A zagaya ƙirjinsa ta bayan ƙafafun gaba, a kuma zagayo ta gabansu, a haɗa ƙullin a gadon bayansa. Daga nan ne za a ɗaura igiyar da ke riƙe shi.

Kada a ɗaure kare ta wuya. Na taɓa ganin wanda aka ɗaure ta wuya da doguwar igiya a bayan a-kori-kura. Ya yi tsalle, igiyar ta riƙe shi, yana reto a gefen mota. Da ba don wasu mata sun yi ihu direba ya tsaya ba, da ya shaƙe ya mutu. Don haka igiya ta zama gajera. A ɗaura ta a tsakiya, kusa da bayan kujerar direba, yadda kare zai zauna ya kwanta, amma ba zai kai bakin motar ba.

A kula da zafi da ƙishirwa

Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake sanyaya jikinsa, shi ya sa yake fito da harshe. A cikin bazara zafin garuruwanmu yakan wuce digiri 40, ƙarfen mota kuma yana ƙona ƙafa. A shimfiɗa masa buhu ko tsohuwar tabarma, a yi masa inuwa. Idan tafiyar mai nisa ce, kamar daga Ƙonni zuwa Yamai, fiye da kilomita 400, a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa. Kada a rufe shi a cikin motar da aka ajiye a rana, ko da na ɗan lokaci ne. In za a sauke shi, a fara riƙe igiya kafin a kwance ƙulli.

Karen da ya tsorata yana iya cizo, ko da na gida ne. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti nan da nan, saboda ciwon haukan kare yana kisa.

Ku gaya wa iyayenku da yayyenku abin da kuka koya. Rigakafi ya fi magani.

Ma'anar kalmomi

A-kori-kura: ƙaramar motar kaya wadda bayanta yake buɗe.
Reto: lilo a sama ba tare da taɓa ƙasa ba.
Haki: numfashi da sauri-sauri.

Tambayoyi

1. Me ya sa dutsen ya faɗo daga kan allo?
2. Don me ba a ɗaure kare ta wuya a mota?
3. Yaya kare yake sanyaya jikinsa?
4. Me za ka fara yi in kare ya ciji ƙanenka?

Aiki

Ku zana a-kori-kura a littafinku, ku nuna inda ya kamata a ɗaura igiyar kare.