Ciwon Bayan Da Ke Hana Matashi Sa Safa

In ka tashi da asuba bayanka ya sandare sama da minti 30, sai ka ɗan motsa ya saki, kar ka ce laifin katifa ne. Idan abin ya haura wata 3, yana iya zama amosanin ƙashin baya, kumburin da kan fara kafin shekara 45, wani lokaci har ya manne ƙasusuwan baya.

To ya ake auna ɓarnarsa? A 1994 likitoci a garin Bath na Ingila suka fito da ma'aunin BASFI: tambayoyi 10, kowacce maki 0 zuwa 10, yawan maki yawan wahala. Kana iya sa safa ba taimako? Ɗaukar biro a ƙasa? Tsayuwar minti 10 ba jingina? Waiwaye ba tare da juya jiki ba? Ga mai Keke Napep a cunkoson Sabon Tasha, waiwayen nan shi ne abincinsa.

Ma'aunin ba ya gano cuta, aikin likita ne wannan. Ka rubuta makinka, ka kai Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, ka daina dogaro da ƙwayar kemis.