Furen da ke warin mushe: Me ya sa jama'a ke tururuwar ganinsa?

A watan Janairun 2025, dubban mutane sun yi dogon layi a lambun tsirrai na birnin Sidni da ke Ostareliya, domin shaƙar wani fure mai warin ruɓaɓɓen nama. Masana na kiransa Amorphophallus titanum, mutanen ƙasarsa kuwa suna ce masa furen gawa.

Asalinsa dazuzzukan tsibirin Sumatra ne a Indunusiya. Wani masani ɗan Italiya, Odoardo Beccari, ya bayyana shi ga masana kimiyya a 1878, ya kuma fara fure a wajen ƙasarsa a lambun Kew na Landan a 1889. Ɗan uwan gwaza ne, sai dai tushensa na ƙarƙashin ƙasa kan haura kilo 50, tsayin furen kuma kan kai mita 3.

Abin da ke jan jama'a shi ne wuyar ganinsa. Yakan yi shekara bakwai zuwa goma yana tara abinci kafin ya yi furen farko, wanda ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu ya yanƙwane.

Warin kuwa gayyata ce. Idan ya buɗe, jikinsa kan ɗumama kusan kamar na ɗan Adam, zafin ya kwashi ɗoyin zuwa nesa. Ƙudaje da buzuzun da ke neman mushe sai su rufto, su yi ta yawo a ciki, su ɗauki ƙurar fure zuwa wani. Da haka yake samun iri.

A 2018 aka sanya shi cikin tsirran da ke fuskantar ƙarewa, an ƙiyasta waɗanda suka rage a daji ba su kai 1,000 ba, saboda sare dazuzzuka da faɗaɗa gonakin kwakwar manja.

Wannan dogaro da ƙwari bai tsaya a Sumatra ba. Manomin rani da ke shan ruwan madatsar Bakolori a Bakura, Talata Mafara ko Maradun, ƙudan zuma ne ke yi wa kankana da kabewarsa wannan aiki, mangwaro kuma ƙudaje na cikin manyan masu yi masa. Feshin maganin ƙwari da rana, lokacin da amfani ke fure, kan hallaka su, 'ya'ya su ragu.