Kashin Shanu Ya Dafa Tuwo, Ya Kuma Gyara Gona

Abu biyu suna damun magidanta da yawa a ƙasarmu: itacen girki da taki. Dajin da iyayenmu suka saba shiga su ɗauro itace ya ja da baya. Uwargida takan wuni a gindin murhu, idanu suna hawaye, yaron da ke goye kuma yana shaƙar hayaƙin tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane fiye da miliyan 3 suka mutu saboda cututtukan da hayaƙin cikin gida yake kawowa. Maigida kuma, da damina ta kusa, sai tunanin kuɗin takin zamani ya hana shi barci.

A wurare da yawa, idan itace ya yi wuya, mata sukan tara kandilo su hura wuta da shi. Tuwo ya dahu, amma gona ta yi hasara, gama takin da za a kai mata ya zama toka. To, ashe akwai hanyar da kashin shanun nan guda zai ba mu wuta, ya kuma ba mu taki. Wannan ita ce maganarmu a wannan wata.

YADDA ABIN YAKE

Dukanmu mun san cewa in an tara juji yakan ruɓe. Waɗansu ƙananan halittu ne, waɗanda ido ba ya gani, suke cinsa. Idan aka rufe jujin a inda iska ba ta shiga, wani irinsu dabam ne yake kama aiki, irin wanda yake zaune a cikin tumbin saniya. Suna ci suna fitar da gas. Fiye da rabin wannan gas, wani iri ne da ake kira mitan, wanda yake kama wuta. Harshen wutarsa shuɗi ne, ba hayaƙi, ba ya kuma baƙanta tukunya.

Saboda haka akan haƙa rami kamar rijiya, a gina shi da bulo da siminti, a rufe bisansa ƙam. A gefe ɗaya akwai bakin zuba kaya, a ɗaya gefen kuma mafita. Kowace safiya sai a dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, bokiti ɗaya na wannan, bokiti ɗaya na wancan, a zuba. Gas yana taruwa a sama, bututu ya kai shi har ɗakin girki. Abin da aka zuba yakan yi wajen kwana 30 zuwa 50 a ciki, sa'an nan sabon zubi ya turo shi waje. Kilo 25 na ɗanyen kashi yana ba da gas kamar cikin ganga biyar. Gidan da yake da shanu huɗu ko biyar a ɗaure yana iya samun abin da zai dafa wa iyali abincin yini.

Abin da ya fito ta mafita kuwa ba shara ba ne. Abincin shuka da yake cikin kashin bai tafi tare da gas ba, yana nan, har ma shuka ta fi saurin shansa. Warinsa ya ragu, ƙudaje ba su cika binsa ba, ƙwayoyin ciyawa da na cuta da yawa sun mutu.

MUTANEN INDIYA SUN DAƊE DA SHI

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A shekarar 1895, a birnin Exeter na ƙasar Ingila, an kunna fitilun titi da gas da aka samo daga ƙazantar gari. A ƙasar Indiya kuma, a farkon shekarun 1950, wani mutum mai suna Jashbhai Patel ya ƙera irin ramin da ake kifa masa babbar gangar ƙarfe. In gas ya taru gangar ta ɗaga, in an yi girki ta sauka, uwargida tana duba ta daga ƙofa ta san ko nawa ya rage mata. Indiyawa suna ce da shi gas na “gobar”. Kada mai karatu ya firgita, ba gobara ake nufi ba. A harshensu, gobar shi ne kashin shanu. Tun daga 1981 gwamnatinsu ta shiga taimakon manoma su gina, har aka gina miliyoyi.

GONAR DA BA A ZUBAR DA KOME

Ba sai mun je Indiya kafin mu gani ba. A birnin Porto-Novo na Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu ta yamma, akwai wata gona da ake kira Songhai, wadda ta ci sunan tsohuwar daular nan ta bakin Kwara. Fada Godfrey Nzamujo, haifaffen Kano, shi ya kafa ta a shekarar 1985, bayan ya yi karatu mai zurfi a Amurka. Yunwar da ta faɗa wa Afirka a waɗannan shekaru ita ta komo da shi gida. Ya fara da ɗan fili kaɗan.

Ka'idar gonar ita ce, abin da ya ragu a wani sashe ya zama abincin wani sashe. Kashin kaji da na dabbobi yana shiga rami. Ana shuka wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa don ta tsabtace ƙazamin ruwa, in ta yi yawa a yayyanka ta, ita ma a zuba. Gas ɗin da ya fito ana girki da shi, takin kuma ya koma wa lambu. Samari da 'yan mata daga ƙasashe dabam dabam sukan je can su koyi noma irin wannan.

Haka yake ga manyan wuraren sarrafa abinci. Mu duba mayankar garinmu: tumbin da ake zazzagewa kowace safiya, da jini, yawanci kwata suke bi zuwa rafin da mutane suke ɗiban ruwa. Mu duba ruɓaɓɓen tumatir da lemo a kasuwa, da ruwan da ake matsewa daga rogo. Dukan waɗannan abincin rami ne. A ƙasar Denmark, manyan motoci suna bin gonaki suna kwaso kashin shanu da na aladu, a haɗa da ragowar mayanka da na masana'antar madara. Ana tace gas ɗin a tura shi cikin bututun ƙasa, manoma kuma a mayar musu da takinsu.

SAI DA LURA

Amma fa kada mu ɗauka abin ba wuya. A shekarun 1970 an gina miliyoyin ramuka a ƙauyukan ƙasar Sin cikin gaggawa, da yawa kuwa suka tsage, gas ya riƙa zurarewa, aka watsar da su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ga abubuwan da za a auna tun da fari:

1. Ruwa. Ramin yana shan ruwa kowace rana. Inda ake sayen ruwan sha da rani, a yi lissafi sosai.

2. Dabbobi. Shanun da suke wuni a daji, a daji suke barin kashinsu. Sai waɗanda suke kwana a turke.

3. Magini. A nemi wanda ya koyi wannan aiki musamman. Ƙaramar tsaga ta isa ta ɓata kome.

4. Abin zubawa. Ban da ruwan sabulu, da maganin kashe ƙwari, da yashi, da leda. Sabulu da magani suna kashe halittun da suke mana aiki.

5. Sanyi. Halittun nan suna son ɗumi kamar na jikin mutum. Da hunturu gas yakan ragu.

6. Hatsari. Kada kowa ya shiga ramin, ko da an kwashe shi, gama iskar ciki tana kisa nan da nan. In an ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a ɗaki, a buɗe taga, kada a ƙyasta ashana.

Kuɗin ginin farko ya fi ƙarfin gidaje da yawa, wannan gaskiya ne. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makarantar kwana, da asibiti, da ƙungiyar mahauta, da maƙwabta uku ko huɗu masu shanun noma, suna iya haɗa kai. Kafin wannan, mu fara da abu mai sauƙi: har kwana bakwai, mu auna bokiti nawa na kashin dabbobi da ɓawon kayan miya suke fita daga gidanmu, mu kuma rubuta nawa muka kashe wajen itace da gawayi. Sa'an nan maigida da uwargida su zauna su duba lissafin tare, su tafi da shi wurin malamin gona.