Kujerar taga a jirgin sama

Kujerar taga ita ce kujerar da ke jikin bangon jirgin sama, inda fasinja ke iya hango ƙasa. A yawancin jirage harafin A na nufin tagar hagu. Tagar dama kuwa F ce a ƙananan jirage irin Boeing 737, a manyan jiragen dogon zango kuma galibi K ce. Abin da fasinja zai gani ya dogara da ɓangaren da ya zauna, da inda rana take, da yanayin sararin sama a ranar tafiyar.

Wurin zama

Kujerun tsakiyar jirgi suna kan fiffike, kuma fiffiken yana tare kusan duk abin da ke ƙasa, sai dai nan ne girgiza ta fi sauƙi. Kujerun gaban fiffike sun fi kyau ga mai ɗaukar hoto, domin a bayansa zafin da ke fita daga inji yakan sa hoton ya yi dishi-dishi. Akwai kuma layukan da kujerar ke jikin bango amma babu taga ko kaɗan, don haka ake duba taswirar kujeru kafin a zaɓa.

Daga Kano zuwa Abuja

Jirgin da ya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Abuja yana fuskantar kudu maso yamma, tafiyar da ba ta cika awa ɗaya ba. Kudancin jihar Kano yakan faɗo a hannun hagu. Mintuna kaɗan bayan tashi, wanda ke kujerar A na iya hango tafkin madatsar ruwa ta Tiga a ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Can gaba da tafkin akwai dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000 a yankin Tudun Wada da Doguwa, wanda Kogin Kano ke ratsawa kafin ya zuba a Tiga. Daga sama dajin yakan fito da duhunsa a tsakanin gonaki, musamman bayan girbi, kuma idan gari ya washe ana iya ganin duwatsun Riruwai a kudancinsa. Zariya da Kaduna suna hannun dama. A dawowa komai yakan juya.

Hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yakan rufe duk wannan, a tsakiyar damina kuma gizagizai ke rufewa. Ƙarshen damina, wajen Oktoba, ya fi dacewa. Da safe rana tana gabas, wato a tagar hagu ga mai tafiya kudu, tana kashe ido. Da yamma sai haskenta ya sauka a kan dajin.

Ƙetare Tekun Atlantika

Matafiyi daga Kano zuwa Amurka sai ya sauya jirgi a wani gari, kuma garin da ya sauya shi ne ke yanke abin da zai gani. Jiragen da ke tashi kai tsaye daga Legas, kamar na kamfanin Delta zuwa Atlanta, suna ratsa yammacin Afirka su shiga teku, sa'o'i da yawa babu komai sai ruwa.

Hanyar Turai ko Gabas ta Tsakiya ta fi abin kallo. Saboda duniya ƙwallo ce, gajeriyar hanya tana lanƙwasawa ta arewa, wani lokaci ta kudancin Girinlan da gaɓar Labrador a Kanada. Mai zuwa Amurka ya fi cin moriyar tagar dama: tana kallon arewa, inda duwatsun ƙanƙara suke, rana kuma tana ɗaya ɓangaren. Jiragen da ke komawa Turai galibi da dare suke tashi, kuma a tagar hagu ne ake iya dacewa da hasken nan mai launin kore da ke bayyana a sararin arewa mai nisa, a watannin sanyi.

Hanyoyin arewacin Atlantika ba tsayayyu ba ne. Kullum ake sake tsara su gwargwadon kakkarfar iskar da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, saboda haka jirgin da ya bi ta Girinlan yau yana iya bin tsakiyar teku gobe. A jirgin Boeing 787 kuma tagogin ba su da murfi, da lantarki ake duhunta su, kuma ma'aikatan jirgi na iya duhunta su gaba ɗaya lokacin da fasinjoji ke barci.