Tsakanin Makaranta Da Aiki: Shirye-shiryen Gwamnati Na Koyon Makamar Aiki

   

Yau za mu yi magana a kan wani abin da yake damun gidaje da yawa a cikinmu. Uba ya sayar da dawa da gyaɗa, wani ma har da bijimin da yake huɗa da shi, domin ɗansa ya yi karatu. Uwa ta yi ta zuba adashi tana biyan kuɗin littattafai. Yaro ya gama, ya kawo takarda gida, aka yi murna. Sa'an nan ya fita neman aiki, sai aka tambaye shi, "A ina ka taɓa yin aiki?" To, a ina zai taɓa yi, tun da ba wanda ya taɓa ɗaukarsa? Ba za a ba shi aiki ba sai ya iya, ba kuwa zai iya ba sai an ba shi. Saboda wannan matsala ce gwamnati ta kafa shirye-shirye na koyon sanin makamar aiki. Bari mu duba su ɗaya ɗaya, mu ga wanda kowanne ya shafa, da abin da yake bayarwa, da kuma inda ya tsaya.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun zamanin kakanni, wanda yake so ɗansa ya zama maƙeri yakan kai shi maƙera. Yaron zai fara da zuga, ya ɗebo gawayi, ya riƙe awartaki, kafin a bar shi ya ɗaga masaba. Ba a biyansa albashi, sai dai abinci da ɗan abin sabulu. In ya ƙware sai ubangidansa ya yaye shi, ya sa masa albarka. Abin da gwamnati ta yi shi ne ta ɗauki wannan tsohuwar hanya ta sa mata doka, da wa'adi, da takarda.

Na fari, shirin ɗaliban da suke makaranta tukuna. A shekara ta 1971 gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda hedkwatarsa take a Jos. A 1973 wannan hukuma ta fito da shirin da ake kira SIWES, gama masu masana'antu suna ta kuka cewa waɗanda suke fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma hannunsu bai san inji ba. Shirin ya shafi masu karatun injiniya, da kimiyya, da aikin gona, da fasaha, da makamantansu. Ɗalibin jami'a yakan yi wata 6. Na foliteknik da na kwalejin ilimi sukan yi wata 4. Ban da wannan, wanda ya gama ƙaramar difloma yakan yi shekara guda yana aiki kafin a karɓe shi ya yi babbar difloma.

Ga yadda abin yake tafiya. Makaranta za ta ba ɗalibi wasiƙa, da littafin da zai riƙa rubuta aikin da ya yi kowace rana. Sau da yawa shi da kansa ne zai nemi wurin da za a karɓe shi. Mai kula da shi a wurin aikin zai riƙa duba littafin yana sa hannu kowane mako. Malami zai zo daga makaranta ya ga ko yana nan. In ya koma zai rubuta rahoto, ya tsaya gaban malamai ya yi bayani, a ba shi maki, makin kuwa yana cikin sakamakonsa na ƙarshe. Game da kuɗi, shekaru da yawa abin da aka yanka shi ne naira 2,500 a wata, ɗalibai da yawa kuma sukan jira shi har bayan sun koma makaranta. Saboda haka iyaye, in ɗanku yana Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko foliteknik ta Kazaure, ko kwalejin ilimi ta Gumel, ku sani watannin nan ku ne za ku ɗauki nauyin cinsa da kuɗin motarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, shirin waɗanda suka gama. Wannan kowa ya san shi, wato yi wa ƙasa hidima, NYSC. Janar Yakubu Gowon ne ya kafa shi ranar 22 ga watan Mayu 1973, shekara uku bayan ƙarshen yaƙin basasa, domin 'yan ƙasa su san juna. Shi ya sa akan tura mutum wata jiha dabam da tasa. 'Ya'yanmu sukan tafi kudu, 'ya'yan waɗansu kuma su zo mana. Waɗanda aka turo Jigawa sukan yi mako uku a sansanin Fanisau kusa da Dutse, sa'an nan a rarraba su. Kun gan su da kakinsu a makarantun sakandare na Birnin Kudu da Gwaram, waɗansunsu ma muna sujada tare da su ran Lahadi. Wa'adin shekara guda ne. Wanda ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama karatu akan ba shi takardar ɗauke masa hidimar. Alawus ɗinsu naira 19,800 ne daga 2011, ya koma 33,000 a 2020, aka fara biyan 77,000 a watan Maris na 2025. Tun 2012 kuma aka ƙara koyar da sana'o'in hannu a cikin shirin. Takardar gama hidimar nan tana da muhimmanci, gama ba a ɗaukar mai digiri ko mai babbar difloma aikin gwamnati sai da ita, ko da takardar ɗaukewa.

Masu aikin lafiya suna da nasu ƙarin. Likita, da mai haɗa magunguna, da masanin gwaje-gwaje, kowannensu sai ya yi shekara guda a ƙarƙashin manya a asibitin da aka amince da shi kafin a ba shi cikakken lasisi. Wannan kam ana biyan albashi, shi ya sa gurbin yake da wuyar samu.

Na uku, shirye-shiryen masu neman aiki. A zamanin Janar Babangida aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, ta fara aiki a 1987. Tana da ofis a kowace jiha. Babban aikinta shi ne ta haɗa matashi da gwanin sana'a, kamar tela, ko kafinta, ko makanike, ko mai walda, ya koya a shagonsa. Wannan ƙofa ba ta bukatar digiri. A 2012, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka fito da shirin tura masu digiri kamfanoni su koyi aiki na shekara guda a ƙarƙashin SURE-P, amma SURE-P ɗin bai daɗe ba bayan canjin gwamnati na 2015. A 2016, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, aka kawo N-Power domin 'yan shekara 18 zuwa 35. Rukunin fari mutum 200,000 ne, na biyu 300,000. An tura su koyarwa, da ɗakunan shan magani, da aikin malaman gona, ana ba masu digiri naira 30,000 a wata. An sallami rukunan nan biyu a tsakiyar 2020, aka ɗauki na uku a 2021, sa'an nan a watan Oktoba na 2023 gwamnati ta dakatar da shirin domin bincike.

A nan jiharmu ma an yi irin wannan. Gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta ɗauki matasa su koyar a makarantu na ɗan lokaci a shirin J-Teach. Bayan da Gwamna Umar Namadi ya hau mulki a 2023, aka tantance su, aka ba 3,000 daga cikinsu aiki na dindindin.

Ya ɗan'uwana, ka lura da abu guda da dukan shirye-shiryen nan suka yi tarayya a kai. Kowannensu yana da ranar ƙarewa. Waɗansu wa'adinsu ne yake cika, waɗansu kuwa gwamnatin da ta kawo su ce take wucewa. Mutane da yawa sun ɗauki 30,000 na N-Power kamar albashi ne na har abada. Wani ya yi aure a kansa, wani ya ci bashin babur. Da aka sallame su a 2020, wanda ya yi tanadi ya koyi wani abu ya tsaya da ƙafarsa, wanda bai yi ba ya koma inda ya fito, ga kuma iyali a wuyansa. Alawus yakan ƙare. Abin da hannunka ya koya, shi ne kaɗai za ka fita da shi.

Bari in ba ku misali. A ce ga ɗalibai biyu masu karatun aikin lantarki, ɗaya daga Gwaram, ɗaya daga Birnin Kudu, an sallame su wata 4. Na farin ya sami wani ofis inda kawunsa yake da sanayya. Ya leƙa ran Litinin ta fari, bai sāke komawa ba. Da lokaci ya cika sai ya zauna dare biyu ya cika littafinsa da ayyukan da bai yi ba, ya ba wani ɗan goro aka buga masa hatimi. Na biyun bai sami ofis ba, sai wani kamfani ƙarami na masu haɗa wutar sola ya karɓe shi. Ya sha rana a kan rufin kwano, ya ɗauki batura, aka yi masa faɗa sau da yawa. Dukansu biyu suka koma makaranta, mai yiwuwa ma makinsu ɗaya. Amma ranar da famfon sola na unguwa ya lalace, wa za a kira? Ranar da aka ce ga waya ga allo, haɗa mu gani, hatimin nan zai haɗa masa? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na farin yana tsammani makaranta ya ruɗa, ashe mahaifinsa da ya sayar da bijimi ya cuta, da kansa kuma.

Saboda haka ga shawara gare ku matasa. Ka zaɓi wurin da za a bar ka ka taɓa aiki, ko da ba shi da suna, ya fi babban ofis inda za ka yini kana sayo wa mutane abinci. Ka zo da wuri. Ka yi tambaya, gama mai tambaya ba ya ɓata. Ka rubuta abin da ka yi a ranar da ka yi shi, kada ka rubuta abin da ba ka yi ba. In an sa ka shara, ka share da kyau, yaron maƙeri ma da zuga ya fara. In ana ba ka alawus, ka cire wani abu kowane wata ka ajiye domin kayan aiki, ko keken ɗinki ne, ko 'yan awaki, ko taki. Kafin ka bar wurin, ka roƙi mai kula da kai ya rubuta maka takardar shaida. Ita ce amsarka ranar da aka sāke tambayarka, "A ina ka taɓa yin aiki?" Waɗanda aka tabbatar a J-Teach, ai daga cikin waɗanda suka riga suka shiga aji suka riƙe alli aka zaɓe su.

Ku yi hankali kuma da mazambata. Yawancin shirye-shiryen nan yanzu ta intanet ake cika su, akan kuma nemi lambar katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai saya maka gurbi, ka guje shi. Kada ka ba kowa lambar sirri ta katin bankinka, ko lambar da banki ya aiko maka ta waya. In ka ji labarin sabon shiri, ka je ofishin hukumar a Dutse, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ofishin SIWES na makarantarku, ka tabbatar da kanka. Ka tabbata kuma sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a dukan takardunka, gama bambancin harafi guda ya isa ya hana mutum alawus wata da watanni.

Ku iyaye, kada ku ce wa yaro ya dawo gida ya taya ku aiki ku nemo masa sa hannu daga baya. Kada kuma ku hana 'ya'yanku mata. Ku bincika wurin, ku san inda yarinya za ta kwana da wanda zai kula da ita, ku faɗa mata in wani ya nemi ya yi mata rashin mutunci saboda sa hannu ko maki, ta faɗa muku ta kuma faɗa wa makaranta nan da nan, ba laifinta ba ne.

Ku kuma da kuke da shago, ko gareji, ko gona, ko makaranta, ko kuke riƙe da wani ofis, wannan magana ta shafe ku. Guraben gwamnati ba za su ishi kowa ba. In ɗalibi ya zo muku da wasiƙa, ku karɓe shi in da hali, ko ɗan wane ne, ko daga ina ya fito. In kun karɓe shi, ku koya masa da gaske, kada ku mai da shi ɗan aike kawai. Kada ku sa hannu a kan aikin da ba a yi ba, ko da ɗan ɗan'uwanku ne. Baƙin da aka turo mana hidimar ƙasa kuwa, mu riƙe su da kyau, mu nuna musu kasuwa da rijiya, mu tuna namu 'ya'yan suna can a hannun waɗansu. Kowane gwani a cikinmu, akwai ranar da wani ya yi haƙuri da shi ya nuna masa yadda ake riƙe kayan aiki.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai ji ba, musamman gidajen da suke da ɗalibi a babbar makaranta. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku, ya buɗe wa 'ya'yanmu hanya. Sai wani jiƙon, ku huta lafiya.