Daga Bodin Katako Zuwa Rolls-Royce: Tarihin Motocin Alfarma na Ingila

Manyan motoci masu bodin katako da ke kwasar masara daga Damari da sauran ƙauyukan Birnin Gwari aikin hannu biyu ne. Kamfani ya ƙera inji da ƙashin mota, kafinta ya ɗora mata jiki. Da wannan tsari aka ƙera motocin alfarma na Ingila tsawon shekara arba'in.

A watan Mayun 1904 aka haɗa Charles Rolls, ɗan masu hali mai dillancin motoci, da injiniya Henry Royce a birnin Manchester. Suka kafa kamfanin Rolls-Royce a 1906. Shekara na zagayowa, motarsu Silver Ghost ta yi gwajin tafiyar mil 15,000, a zamanin da direba ba ya fita sai da akwatin sifana. Nan sunan kamfanin ya kafu.

Sai dai har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya biya kuɗin Rolls-Royce ba cikakkiyar mota ake miƙa masa ba. Inji ne da ƙashi da tayoyi. Shi zai kai wa masu ƙera bodi irin su Hooper da Barker, waɗanda tun asali keken doki suke yi wa gidan sarautar Ingila, ko H. J. Mulliner da Park Ward. Su sassaƙa firam da katako mai ƙwari da sauƙin lanƙwasa, su buga falankin alminiyam da guduma har ya bi siffar firam ɗin, su ɗinka kujerun fata. Aikin yakan ci watanni, kuma da wuya a sami motoci biyu iri ɗaya sak.

Bentley, wanda W. O. Bentley ya kafa a 1919, gudu ya sa a gaba. Ya lashe tseren Le Mans na Faransa sau biyar tsakanin 1924 da 1930, amma bashi ya durƙusar da shi, Rolls-Royce ya saye shi a 1931.

Bayan yaƙi lissafi ya canza. A 1946 masana'antar Rolls-Royce da ke Crewe ta fitar da Bentley Mark VI da bodin ƙarfe na kamfani. Silver Wraith, irin wadda fadar Kano ke da ita tun shekarun 1950, tana cikin na ƙarshe da aka ci gaba da kai wa masu ƙera bodi. Da Silver Shadow ta fito a 1965, ƙashi da jiki a haɗe suke, ba abin da ya rage wa kafinta sai adon ciki. Tun kafin nan shagunan masu ƙera bodi sun fara rufewa, wasu Rolls-Royce ya haɗiye su.

A 1998 kamfanonin Jamus suka raba gadon: Volkswagen ya ɗauki Bentley da Crewe, BMW ya sami sunan Rolls-Royce, ya buɗe sabuwar masana'anta a Goodwood a 2003. Abin lura, Jamusawan ba su kwashe duk aikin zuwa ƙasarsu ba. Sun san mai saye ba inji kaɗai yake biya ba, har da hannun maɗinkin fata da mai goge katako na Ingila. Ƙaramin kamfanin Morgan kuwa, a garin Malvern, har yau firam ɗin katako yake sa wa bodin motocinsa, kuma masu saye na jiran layi.