ZAƁEN INJIN WANKI DA NA BUSAR DA TUFAFI DOMIN GIDA

A shekarun baya, injin wanki abu ne da ba a ganinsa sai a asibitoci da manyan otal-otal da gidajen manyan ma'aikata. Yanzu kuwa ya shiga kantuna da kasuwanni ko'ina cikin ƙasar nan, tun daga kasuwar Alaba ta Ikko har zuwa Sabon Garin Kano, har ma wasu iyaye sun fara sa shi cikin kayan ɗakin 'ya'yansu. Amma fa kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma sau da yawa akan shiga gida a tarar da inji sabo fil an jingine shi a lungu, an mai da shi wurin ɗora kwanuka, ba don ya lalace ba, sai don bai dace da gidan ba tun farko. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a taimaki magidanta da matan aure su san abin da za su duba kafin su fitar da kuɗinsu.

Abin da ya kamata kowa ya fara ganewa shi ne, zaɓen inji ba a kanti ake soma shi ba, a gida ake somawa. Kafin mutum ya tafi kasuwa, lalle ne ya tsaya ya dubi irin ruwan da yake samu, da irin wutar lantarkin da ke zuwa unguwarsu, sa'an nan ya bincika ko akwai mai gyaran irin injin da yake so a garinsu. Wanda ya san waɗannan abubuwa ya gama rabin ciniki.

Irin Injunan Da Ake Samu

Injin wanki iri uku ne. Na farko shi ne mai tukunya biyu: ɗaya ta wanki, ɗaya ta matsa. Shi wannan da hannu ake zuba masa ruwa, da bokiti ko da tiyo, in ya gama wanki a kwashe tufafin a sa su cikin tukunyar matsa. Na biyu shi ne mai murfi a sama wanda ke yin kome da kansa, ya ja ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse. Na uku shi ne mai ƙofa a gaba, wanda tukunyarsa ke kwance tana juya tufafi tana ɗaga su tana sako su. Shi ne ya fi iya wanki, ya fi tattalin ruwa, shi ne kuma ya fi tsada da wuyar sha'ani.

Maganar Ruwa

Inji mai aiki da kansa ba ya jiran a zuba masa ruwa, daga famfo yake ja, kuma yana bukatar ruwan ya zo da ƙarfi. Yawancin masu ƙera shi suna neman ƙarfin da ya yi daidai da na tankin da aka ɗora kamar mita 5 sama da injin. In ruwan bai kai haka ba, injin zai yi ta jira, daga bisani ya tsaya ya nuna alamar matsala, mai gida kuwa ya zaci an cuce shi. Saboda haka gidan da ke dogara da 'yan ga-ruwa, ko rijiya, ko famfon da ba ya zuwa sai tsakar dare, ba abin da ya fi dacewa da shi kamar mai tukunya biyu. Ba abin kunya ba ne. Shi ne ma kaɗai ke ba uwargida damar ta wanke fararen kaya, sa'an nan ta yi amfani da ruwan sabulun ta wanke masu launi, ta kuma tari ruwan ɗauraya ta wanke tsakar gida da shi.

Inda kuwa akwai tanki a sama da bututu, sai a dubi yawan ruwan da kowane inji ke sha. Mai ƙofa a gaba yakan sha kimanin lita 50 a wanki ɗaya, wato jarka biyu ta lita 25. Mai murfi a sama yana iya shan ninkin haka ko fiye, domin shi cika tukunyarsa yake yi. A gidan da ake wanki sau huɗu ko biyar a mako, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma irin ruwan kansa. Ruwan rijiyar burtsatse yakan zo da yashi, wanda ke toshe 'yar matatar da ke bakin tiyon injin. A wasu wurare kuma ruwan yana da gishirin ƙasa, irin wanda ke barin farin dafi a gindin butar shayi. Shi ma haka yake taruwa a jikin ƙarfen da ke ɗumama ruwa cikin injin har ya kashe shi. Maganin na farko shi ne a sa matata a bututu, a kuma riƙa cire 'yar matatar injin ana wanke ta. Maganin na biyu shi ne a rage wanki da ruwan zafi.

Maganar Wuta

A nan ne akasarin injuna ke gamuwa da ajalinsu. Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa, daidai da ta Ingila da sauran ƙasashen Turai. Ta Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ce mai bugu 60, ta Japan kuma bolt 100. Don haka duk wanda zai sayi inji na hannu da aka shigo da shi daga waje, ko wanda wani ɗan'uwa ya aiko masa, lalle ya karanta 'yar takardar da ke manne a bayan injin. In ba a rubuta bolt 220 zuwa 240 da bugu 50 ba, to a bar shi. Na'urar rage ƙarfin wuta tana iya gyara bolt, amma ba ta gyara bugu.

A jikin wannan takarda kuma an rubuta yawan wutar da injin ke ci. Mai tukunya biyu yakan ci wat 300 zuwa 500 ne kawai, har ƙaramin janareto ko wutar sola ta gida na iya ɗaukarsa. Mai ƙofa a gaba shi ma ba ya cin wuta sosai wajen juyawa, amma da zarar ya fara ɗumama ruwa sai ya haura zuwa wat 2,000 ko kusa da haka. A ƙasa mai zafi irin wannan, tufafin yau da kullum ba su bukatar ruwan zafi. Ya kamata a tabbata injin yana da wurin da za a murɗa a zaɓi ruwan sanyi.

Babban abin tsoro shi ne wutar da ke hawa da sauka, da wadda ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi. Injuna masu aiki da kansu suna da wani allo a ciki wanda ke sarrafa su, masu gyara suna kiransa fanel. Shi ne ya fi saurin ƙonewa, kuma kuɗinsa yakan kai wani babban kaso na kuɗin injin duka. Wanda zai sayi irin wannan inji, sai ya sa kuɗin sitabilaiza mai ƙarfin da ya isa cikin lissafinsa tun farko. Yana da kyau kuma ya tambaya ko injin yana ci gaba daga inda ya tsaya in an dawo da wuta, da kuma yadda ake buɗe ƙofarsa in wuta ta ɗauke tufafi na ciki. Da yawa ba su yin wannan tambaya sai ranar da rigar zuwa ofis ta kwana cikin ruwa.

Sa'an nan kada a yi wasa da wayar ƙasa. Inji ne na ƙarfe, yana aiki da ruwa, mai aiki da shi kuma sau da yawa ba takalmi a ƙafarsa. A sa masa soket nasa shi kaɗai, mai baki uku, na amfiya 13, wanda ƙwararren mai aikin wuta ya tabbatar wayar ƙasarsa na aiki. Kada a ja masa wuta da siririyar waya daga wani ɗaki.

Girman injin da kilo ake faɗinsa, kuma nauyin busassun tufafi ake nufi. Kilo 6 ko 7 ya ishi ƙaramin iyali. Gida mai yara da yawa, ko mai son wanke zannuwan gado da labule, sai kilo 8 zuwa 10. Cusa wa ƙaramin inji kaya fiye da kima shi ke cinye masa bel da ƙarafan da tukunya ke juyawa a kansu. Babbar riga mai aikin hannu, da hular zanna, da leshi mai duwatsu, ba kayan inji ba ne ko da wane iri ne. Waɗannan har gobe sai hannu, ko a kai wa masu wanki da bugu.

Shin Ana Bukatar Injin Busarwa?

Ga mafi yawan mazauna Arewa, amsar ita ce a'a. A Sakkwato ko Maiduguri ko Kano, rigar da inji ya matse sosai ba ta daɗewa a kan igiya, ban da 'yan kwanakin marka a watan Agusta. Ƙurar hunturu kuwa, shanya a rumfa ko a baranda ta wadatar. Abin da ya fi amfani shi ne a nemi injin wanki mai matsa da ƙarfi, wanda tukunyarsa ke juyawa sau 1,000 zuwa 1,400 a minti. Matsa ba ta cin wuta sosai, zafi ne ke ci.

Amma ga mazauna Fatakwal da Kalaba da Warri da Ikko, inda damina ke da tsawo, iska kuma cike take da laima har tufafi su kwana biyu a igiya su fara warin ruma, ko ga wanda ke zaune a bene ba shi da filin shanya, to maganar ta sha bamban. Shi ma sai ya yi lissafi tukuna. Injin busarwa na gargajiya yana cin wat 2,000 zuwa 3,000, kuma busarwa ɗaya takan ci yunit 3 ko 4 na wuta. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta sa kuɗin yunit ɗaya Naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. A wannan farashi, busarwa ɗaya ta tasam ma Naira 900, alhali mai tukunya biyu in ya yi awa guda yana wanki bai ci rabin yunit ba. Ƙaramin janareto kuwa ba ya ɗaukar injin busarwa sam.

Shi ma iri-iri ne. Akwai mai fitar da tururi waje ta wani ƙaton tiyo, wanda dole a huda masa bango ko a ajiye shi kusa da taga; shi ya fi araha da sauƙin gyara. Akwai mai tara ruwan cikin wani mazubi da ake zubarwa. Akwai kuma na zamani mai aiki da irin dabarar firji, wanda ke cin kamar rabin wutar sauran, sai dai ya fi tsada, ya fi ɗaukar lokaci, masu gyaransa kuma ba su da yawa. Injin da ya haɗa wanki da busarwa a jiki ɗaya yana rage cin wuri, amma yawanci ba ya iya busar da duk abin da ya wanke a zubi ɗaya, kuma in ya lalace an rasa biyu ke nan.

Kowane iri aka saya, akwai wata raga a ciki da ke tara burbushin zare. Lalle ne a share ta bayan kowace busarwa, domin burbushin nan in ya taru ya taɓa ƙarfe mai zafi yana kama wuta. A shekarar 2019 an janye dubban ɗaruruwan injunan busarwa daga gidajen mutane a Ingila saboda irin wannan haɗari. Kada kuma a sa tufafin da fetur ko kananzir ya taɓa, kada a kunna shi a fita ko a kwanta barci.

A Wurin Saye

Kafin a shiga kanti, yana da kyau a fara biyawa wurin mai gyaran firji da injuna na unguwa, a tambaye shi wane iri ne aka fi kawo masa, wane iri ne kuma ake samun kayan gyaransa a garin ba sai an aika Ikko ko Anaca ba. Shi ba sayarwa yake yi ba, ya fi mai kanti faɗin gaskiya. Mai tukunya biyu ya yi fice ta nan, domin abin da ke lalacewa a jikinsa bai wuce bel da kafasita da agogon da ake murɗawa ba, duk kuwa ana samunsu a kasuwa.

Game da garanti, a karanta takardar da kyau. Yawanci shekara ɗaya ce ga injin duka. Wasu kamfanoni sukan rubuta shekara 10 da manyan baƙaƙe a jikin injin, amma wannan na motarsa ne kawai, bai shafi fanel ko famfon fitar da ruwa ba, kuma da wuya garanti ya ɗauki ɓarnar da wuta ta yi. A sa mai kanti ya buga hatimi a takardar, ya rubuta lambar injin da ranar saye a rasit. Inji na hannu ba shi da wannan kariya, saboda haka kada a biya sai an ga ya sha ruwa, ya wanke, ya matse, ya zubar. In yana ƙugi kamar jirgin sama lokacin matsa, to ya kusa kwanciya.

In an kai mai ƙofa a gaba gida, akwai manyan kusoshi uku ko huɗu a bayansa da aka ɗaure tukunyar da su saboda tafiya. Dole a kwance su kafin a kunna, in ba haka ba injin zai yi ta tsalle har ya illata kansa. A ajiye shi a daɓe mai ƙarfi wanda ya daidaita, a inuwa. A yi amfani da garin sabulun da aka yi domin inji, mara yawan kumfa. A riƙa lalube aljihu saboda makulli da ƙusa da fil, a kuma hana yara wasa da ƙofarsa ko sa hannu cikin tukunyar matsa tana juyawa.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wadda asalinta aka kafa a 1971, ita ke da alhakin tabbatar da ingancin irin waɗannan kaya, na gida da waɗanda ake shigowa da su, kuma ana iya kai mata rahoton kayan jabu a ofisoshinta na jihohi. Wanda kuwa aka sayar wa inji mai aibi, mai kanti ya ƙi gyarawa ko musanyawa alhali garanti bai ƙare ba, yana iya kai kukansa ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC, wadda aka kafa bisa dokar 2018. Sai ya tafi da rasit, da takardar garanti, da lambar injin, da bayanin ranar da matsalar ta fara.